Yatsan da ke Karatu Kawai

Bazara ce, irin wadda duwatsun Birni ke riƙe zafi har bayan magariba, in ka dafa su sai ka ɗauke hannu da sauri. Shekarar ba ta yi mini daɗi ba, ba kuma zan ce ta yi ɗaci ba. Tafiya dai take yi, kamar jakin da ya san hanyar gida. Famfon unguwarmu sai ya kwana uku bai ɗiga ba, muna zaman jiran 'yan garuwa, kuran kuma, wato wutar lantarki, ta zo sa'ad da ta ga dama, ta koma sa'ad da ta ga dama. Shekara biyu ke nan da rasuwar maigidana.

Da rana mu uku ne a gidan. Ni, da innata da ta zo daga Zermu ganin likitan ido ta zarce da zama, sai 'yata ta fari da ke karatun ordinater, wato kwamfuta, a jami'a. Sauran yaran suna lakwal wajen karatu, sai yamma.

Ba na kama sunan 'yar nan, ko a takarda. Haka muka taso, uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiransa, ba ta zama hira da shi. Ana yaye ta Inna ta goya ta zuwa Zermu, can ta yi wayo, sai da ta ci jarrabawar shiga kwalej ta dawo Damagaram wajenmu. Shi ya sa kakarta take ce wa Inna, ni kuma Yaya, yadda ta ji ƙannena na kirana. In ina son ta sauke tukunya, sai in ce wa Inna, "A ce wa waccan miya ta yi," alhali tana zaune gab da gwiwata. Ita ma ta bakin Inna take aiko mini da tata maganar. Ba mu taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba, hanyar ce haka.

Babansu direban kamiyo ne, babbar motar kaya, hanyar Agadas har Arlit. Yakan yi sati uku ba mu sa shi a ido ba. Ba mai son magana ba ne ko a gida, balle a waya, sai dai ya rubuto saƙo. Da farko maƙwabciyata nake kai wa salula ta karanta mini, har ranar da ta karanta wani da ƙarfi a gaban mata wajen daka, suka yi ta shewa don ya tambayi ko ciwon bayana ya sauka. Satin nan na shiga ajin yaƙi da jahilci. Da ya ji, sai ya koma rubuto mini da manyan baƙaƙe, kalma biyu ko uku, irin waɗanda zan iya haɗawa. NA ISO. RANA DA ZAFI. KIN CI? Nakan kai rabin awa a kan guda ɗaya, ina bi ina dawowa. A shekara ta biyu ya koma ƙananan baƙaƙe, saƙon ya ɗan ƙara tsawo. A ƙarshen ta uku ciwo ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Bayan sadakar arba'in salular ta fara rashin lafiya, fuskarta na yin baƙi tana dawowa. 'Yar nan ta ɗauka, ta yi kwanaki tana kwafe saƙonnin ɗaya bayan ɗaya cikin ordinater ɗinta, kowace shekara da jakarta, jaka uku. Su fishiye suke ce musu. Da salular ta mutu gaba ɗaya, mai gyara ya ce sai an wanke mata kai, duk abin da ke ciki zai tafi. Na ce ya wanke, ai suna cikin na'ura. Da ta tashi na ba matar ƙanena da ke Tirmini.

Tun daga nan, ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, sai ta buɗe ordinater, ta ajiye a kan tabarmata, ta shige ɗaki. Ni kuma in zauna in karanta, hannuwana a kan cinya don kada in taɓa wani abu. In na kai ƙarshen fuska sai in yi gyaran murya, ta fito ta matsa mini gaba, ta koma. Karatuna a hankali ne. Sai in yi wata da watanni ban zagayo kan saƙo ɗaya ba.

Abin ya faru ranar wata Laraba bayan azahar. Daga baya na ji cewa mushensu, malamin ajinsu, shi ne ya ba su aiki. Kowa ya kawo rubutu da harshen gidansu, don na Faransanci kwasowa suke yi daga intanet, ya kuma rubuta tsarin da zai sa na'ura ta bi rubutun harafi-harafi ta ƙirga kalmomin da ke ciki. Rubutun Hausa da take da shi a hannu shi ne na babanta. Ba ta tambaye ni ba. Ta ina ma za ta fara? Kuma a ganinta ƙirga ce kawai, kamar mutum ya leƙa ta saman danga ya ƙirga awaki.

Muna ƙarƙashin rumfa, ina ɓarar gyaɗa, Inna na kishingiɗe da kwalbar maganin ido a hannu. Sai 'yar nan ta ƙyalƙyale da dariya.

"Inna, ji abin da na'urar nan ta ce. Wai Baba ya rubuta kalmomi dubbai a shekara guda."

"Wa? Allah ya jiƙansa, mutumin da in ya ce miki sannu ya gama hirar wata? Injin naki ya sha rana. Kai shi inuwa."

"Ai a inuwa muke, Inna."

"To ba shi ruwa."

Ta ci gaba da dariya tana danne-danne, can sai dariyar ta yanke. Na ji yankewarta kafin in ɗago kai.

Inna ta ce, "Ke mummuna, me ya same ki kika yi tsit kamar kazar da ta ga wuƙa?"

"Inna, ki ce wa Yaya..." Sai ta tsaya.

"Ga ta nan ai, ba kurma ba ce."

Ta juyo da fuskar na'urar wajena. Fari fat. A sama ga sunan jakar, shekarar farko. A can ƙasa layi ɗaya, lamba ce.

Na ce wa Inna, "A tambaye ta ina rubutun."

Bayanin da ta yi, Inna take kallo, amma ni take yi wa. Zan faɗe shi yadda na gane shi. Ta ce a cikin na'ura rubutu kamar tasbaha yake, harafi na bin harafi a zare ɗaya, har filin da ke tsakanin kalma da kalma shi ma ƙwaya ce mai zaman kanta. Akwai kuma wani abu da suke ce wa iterater, kamar ɗan yatsa ne. A ɗora shi a ƙwayar farko, ya yi ta matsawa ɗaya-ɗaya, ba ya tsallake, har ya wuce ta ƙarshe ya tsaya. Ita so ta yi a kowace ƙwaya yatsan ya tambaya, "Ke fili ce?" In fili ce, a ƙirga kalma ɗaya. Tambayar da alamar daidai ake rubuta ta, irin wadda muke yi a lissafi, guda biyu a jere. Ita kuma guda ɗaya ta sa. Guda ɗaya kuwa umarni ce, "Zama fili." Yatsan ya bi saƙonnin tun daga farko, duk harafin da ya taɓa sai ya mai da shi fili, ya ƙirga shi, ya wuce. Da ya gama, tsarin nata ya mayar da rubutun cikin jakar da ya ɗauko shi, ya ɗora lambar a ƙasa, yadda ta ce masa ya yi.

Inna ta tashi zaune. "Wato kin aiki mutum ya ƙirgo miki tumaki, ya bi su yana yankawa yana ƙirga fata."

"Haka ne, Inna."

"Ya kuma dawo da murnarsa ya ce sun cika."

Ba wanda ya yi dariya, har ita mai maganar.

Na tattara gyaɗata na zuba a ƙwarya, na share ɓawon, na hura wuta. La'asar ta yi na yi salla. Da 'yar maƙwabta ce da na yi mata faɗa. Da autata ce da na yi faɗan na kuma rarrashe ta. Wannan kuwa ba a koya mini ko ɗaya a kanta ba. Na kuma san da bakina na ce wa mai gyara ya wanke.

Ta sa na'urar a jaka ta hau kabu-kabu, ta je wajen masu gyara a Zengo, daga nan ta wuce gidan wata 'yar ajinsu. Duk magana ɗaya suka yi mata. Da sharewa aka yi da wataƙila an lalubo, amma wani abu aka rubuta a kai. Ta dawo gab da magariba, ba ta taɓa tuwo ba. Kashegari ma ba ta karya ba, ba ta je jami'a ba.

Alhamis da la'asar ta fito ta zauna a bakin tabarmar Inna, da na'urar, da wani ɗan ƙarfe bai fi ƙwayar dabino ba. Ta ce kile ne, ta kwafi jakunkunan a ciki, in wani abu ya sake faruwa akwai na biyu.

"Inna, ki ce wa Yaya ai ta haddace su. Ta faɗa mini in rubuta, in mayar da su yadda suke. Da manyan baƙaƙen ma."

Gaskiya raina ya so. Gani nake in na rufe ido zan jero su ba tuntuɓe. Amma na tuna madam ɗinmu ta yaƙi da jahilci takan ce mu rufe littafi mu rubuta abin da muka karanta, in ta zo dubawa sai ta tarar kowa ta sa nata gishirin.

Na ce wa Inna, "A fara gwada ni da abin da ke nan. In kawo guda daga shekara ta biyu, a nemo shi a gani."

A hankali 'yar nan ta ce, "Suna da yawa. Neman ma aikin yatsan ne."

"A ce mata yatsan nan ba zai ƙara bi ta kansu ba."

"Ba shi ba ne, Inna. Iri biyu ne. Akwai mai karatu da rubutu, shi na ɗauka jiya. Akwai mai karatu kawai, konst ake sa masa a suna. Mushe ya faɗa mana tun farkon shekara, duk inda ba gyara za ku yi ba, wannan za ku ɗauka. Na ga 'yan baƙaƙe ne na ƙari, na yi ƙyuya."

"Ƙyuya kam gadonki ce, ta wajen kakanki," in ji Inna. "To in kin sake barin alamarki ɗaya a gida fa?"

"Ba zai yarda ba. Duba ki gani."

"Da wane idon? Nuna wa mai ido."

Ta matso da na'urar gabana, ba ta dube ni ba. Ta rubuta wani ɗan zance na banza, akuya ta sha ruwa. Ta ɗora sabon yatsan a kai, da gangan ta sa alamar guda ɗaya, irin kuskuren jiya, ta danna. Sai ga jan rubutu layi-layi da Ingilishi. Ta ce ma'anarsa, wannan wuri na karatu ne kawai, ba a rubutu a nan. Ko tashi tsarin bai yi ba, balle ya kai ga zancen. Akuya ta sha ruwa na nan yadda take.

Na ce a sake. Ta sake. Na ce a canza zancen, ni na zaɓa, gero ya yi tsada. Sau uku jan rubutun na fitowa.

A nan na tuna ajinmu. Littafi ɗaya mu huɗu muke haɗa kai a kansa, shi kuma za a ba 'yan bayanmu. Madam ba ta yarda mace ta buɗe shi da abin rubutu, bik ko kireyo, a hannu. A bakin ƙofa take tsayawa da tsintsiya, ta zaro wa kowa tsinke, da shi za ki bi layi. Wata dattijuwa ta taɓa ce mata, "Madam, mu fa ba yara ba ne, ba za mu ɓata ba." Ta ce, "Na yarda da ke, Hajiya. Hannunki ne ban yarda da shi ba." Ban ba su labarin nan ba. Na dai ce wa Inna, "A bar shi ya shiga."

Na zaɓi saƙon da na fi tabbata da shi, wanda ya aiko daga Agadas ana gobe sallar layya, shekarar da bai samu zuwa gida ba. Ba abin da zan iya faɗa ba ne a gaban uwata da 'yar fari. Na ɗauki takardar maganin Inna na rubuta a bayanta, na tura ta kan tabarma. Ga abin da na rubuta: Na iso Agadas lafiya. Ba zan samu layya a gida ba, ki yi haƙuri. Ki kula da kanki, kina raina.

Ta karanta, ba ta ɗago ba. Ta sa yatsan ya nemi kalmar layya. Kafin in gyara zama ya tsaya. Ta juyo mini da fuskar.

Na iso Agadas. Mota ta lalace ba zan samu layya ba. A ba baffa ragon ya yanka. A rage wa yara hanta.

Na karanta sau biyu. Babu haƙuri a ciki, babu kina raina. Ban san ranar da na sa su ba. Motar da ragon da hantar kuma ban san ranar da na zubar da su ba. Ina wanke-wanke ina bin saƙon nan a kaina, ina daka ina bin sa, ashe duk bin da na yi sai na taɓa wani abu. Na gwada wani na biyu, na ci rabi. Har ukun nan da na rubuta a sama da manyan baƙaƙe, in aka ce in rantse a kansu ba zan rantse ba.

Inna ta ce, "To? Ta ci ko ta faɗi?"

Ban jira 'yar nan ta amsa ba. Na ce, "Na faɗi."

"Me ya ce, shi mai saƙon?"

Na karanta mata na cikin na'urar. Ta tafa hannu tana dariya har ruwa na fita daga idon nan marar lafiya. "Hanta! Wannan kam shi ne, ko a mafarki. Allah ya jiƙan bawan Allah."

Muka ce amin.

Na ce, "A ce mata kada ta rubuta komai a jakar farko. Kada kuma ta jefar da ita."

"Ba komai a ciki fa, Inna, sai fili." Ta ƙara da cewa, "Sai lambar nan. Ita ma ba ta kalmomi ba ce. Tun da kowane harafi ya ƙirga, yawan abin da Baba ya danna ne a shekarar, da baƙaƙen da filayen."

Na ce, "A bar ta a wurin."

"Aikin mushe fa? In nemi wani rubutun?"

"Ta yi da na shekara ta biyu, da yatsan da ke karatu kawai. Lambar za ta kai masa, ban da saƙon."

Inna ta ja tsaki. "Ni fa na gaji da aikin masinja. Ga zafi, ga ido ba lafiya, ga mutum biyu da bakinsu lafiya lau." Ta juya ta ba mu baya, ta ja mayafi ta rufe kai.

Muka zauna haka. Akuya na jan igiya a turke, wani mai garuwa ya wuce ta ƙofar gida yana kira. Na tashi na kwashe tuwo, na zuba miya, na kawo na ajiye tsakanina da 'yar nan. Ina kallon murhu na ce, "Tuwo na hucewa."

Ta rufe na'urar ta wanke hannu.

Kashegari Juma'a, tun rana ba ta yi zafi ba na ɗauki kilen daga inda ta ajiye, na ƙulle shi a bakin mayafi, na taka da ƙafa zuwa shagon mai fotokofi da ke kusa da kasuwa. Na ce ya fitar mini da abin da ke ciki a takarda, kowace takarda kuma ya manne ta cikin roba.

Ya ce, "Hajiya, wannan diplom ake yi wa, ko takardar haihuwa."

Na ce, "Yi dai."

Ya buɗe jakar farko ya ce, "Wannan ba komai a ciki, lamba ce kawai a ƙasa. Asarar takarda ce."

Na ce ya fitar da ita ma. Ya dube ni, ya fitar.

Suka fito ɗaya-ɗaya da ɗuminsu. Na ari bik ɗinsa na ja layi a gefen guda, na shafa da yatsa, ya goge tas, rubutun ciki bai san an yi ba. Na jera su shekara-shekara, farar a sama, na rungume su ƙarƙashin mayafi, na biya na sayi kuka da daddawa, na koma gida.